Yadda ake ɗaura faifan tazara a ƙafafun kat-kat ba tare da taya ta gudu ta bar mota ba

Tambayar ta yawaita daga masu Hilux da Land Cruiser da ke bin hanyoyin Abalak, Cintabaradan da duwatsun Keita. Wani ya sa manyan tayoyi sun fara gugar ƙarfe ta ciki, wani ya ga motar abokinsa ta buɗe ƙafa ta yi kyau, sai a ce masa ya nemi faifan tazara, wanda masu sayar da kayan mota ke kira elarjisar. Faifai ne na alminiyam da ake sawa tsakanin janti da moyo, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, don ya turo tayar waje. Ɗaurin kansa bai wuce aikin awa biyu ba. Inda ake shan wuya shi ne awon da ba a yi ba kafin saye, da notocin da suka ɓuya bayan janti aka manta da su.

1. Fara tabbatar da cewa kana bukatarsa

Faifan na da amfani idan babbar taya na gugar hannun amortisa ko shasi sa'ad da aka karya sitiyari har ƙarshe, ko sabon janti na taɓa ƙarfen birki. Yana kuma da amfani ga Land Cruiser jerin 70. Tun da Toyota ta faɗaɗa gaban wannan mota a 2007 don injin V8 ya samu wuri, ƙafafun gaba suka fi na baya faɗi da milimita 95. A kan kwalta ba ka jin komai. Amma cikin rairayi mai zurfi tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sai su riƙa hawa gefen ramin suna zamewa, bayan motar na kaɗawa. Shi ya sa masu Land Cruiser 79, ɗaya daga cikin wannan jerin, ke sa faifai mai kaurin milimita 45 zuwa 50 a baya kaɗai.

Idan kuwa damuwarka kafewa ce a cikin yashi, faifai ba zai fitar da kai ba. Faɗin ƙafa bai ƙara wa taya wurin takawa. Abin da ke yin wannan shi ne rage iska, a sauko da ita wajen kilo 1.2 zuwa 1.5, a mayar da ita in an hau ƙasa mai tauri.

Ka san kuma abin da za ka biya a jikin mota. Gugan ruwa da ka riƙe kusa da cinya daban yake da wanda ka riƙe hannu a miƙe, alhali nauyin ɗaya ne. Haka rulma, rotil da gujon, wato ƙusoshin zaren da noti ke hawa, ke jin taya da aka tura waje. Motar da ke ɗaukar buhunan hatsi ko tano-tanon mai fiye da ƙima kullum ita ce ta fi saurin nuna wannan. Idan aljihu zai iya, janti mai ƙaramin ET ya fi faifai kwanciyar hankali, don ba shi da ɓoyayyun notoci. ET lamba ce da ake bugawa a bayan janti, mai nuna yadda janti ke shigewa ciki: in ta yi ƙanƙanta, tayar ta fi fitowa waje. Faifai mai milimita 30 a kan janti ET30 daidai yake da janti ET0. Nauyin da rulma za ta ji ɗaya ne a duka biyun, abin da ya ragu kawai shi ne wuraren da za su iya kwancewa.

2. Auna motarka kafin ka je kasuwa

Lamba huɗu za ka rubuta a takarda, kuma a jikin motarka za ka auna su. Motocin hannu da ke shigowa daga waje sun sha gyara, sunan da ke bayan mota bai isa shaida ba.

Ta farko, yawan gujon da faɗin da'irarsu. A mai gujon shida ana aunawa daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. A mai biyar babu mai fuskantar wani, don haka auna tsakanin biyu maƙwabta ka ninka da 1.7, idan ka samu milimita 88, da'irar 150 ce. Ta biyu, faɗin leɓen moyo da ke shiga ramin tsakiyar janti. Ta uku, zaren gujon. Ta huɗu, tsawon gujon daga fuskar moyo zuwa bakinsa.

Motocin da suka fi yawa a nan ga yadda suke:

Hilux kat-kat daga 2005, Prado 120 da 150, da Land Cruiser 80: gujon 6, da'ira 139.7, rami 106.1, zare M12x1.5.
Land Cruiser 100, 105, 200, da jerin 70 daga 1999: gujon 5, da'ira 150, rami 110, zare M14x1.5.
Nissan Patrol Y60 da Y61: gujon 6, da'ira 139.7, rami 110, zare M12x1.25.
Pajero na baya-bayan nan: gujon 6, da'ira 139.7, amma rami 67.1.
Navara D40: gujon 6, da'ira 114.3.

Hattara: "mai rami shida ne, zai shiga" ita ce maganar da ta fi cutar da masu saye. Faifan Patrol zai shiga gujon ɗin Hilux, amma ramin tsakiyarsa ya yi faɗi da kusan milimita 4, kuma notocinsa masu zaren 1.25 ne. Su kan hau zagaye biyu ko uku su cije, yaron gareji ya ɗauka tsatsa ce ya ƙara ƙarfi, zaren ya mutu.

Sai kauri. Ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, sako zare mai ɗan nauyi daga bakin gardabu, ka auna tazarar da ke tsakaninsa da gefen taya. Wannan ita ce iyakarka. Tayar da ta leƙo waje tana watsa tsakuwa a jikin ƙofa da gilashin na bayanka, da damina kuma taɓo har rufi. Ɗauki mafi ƙarancin kaurin da zai magance matsalar da ta kawo ka.

A nan lamba ta huɗu ke shigowa. Dole kaurin faifan ya fi tsawon gujon ɗin mota, ko aƙalla su zo daidai, don kada bakin gujon ya leƙo ya tokare bayan janti. Wasu jantunan alminiyam na da ƴan ramuka a baya tsakanin ramukan noti, inda ɗan abin da ya leƙo zai shige. Kada ka dogara da hakan ga jantin ƙarfe. Saboda wannan ne milimita 25 kan yi kaɗan a motoci da yawa, 30 ya fi zama lafiya.

3. Zaɓen faifai da lissafin kuɗi

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai siriri, milimita 3 zuwa 8, da ake zurawa kawai a gujon ɗin mota a ɗora janti. Kowace milimita tasa daga zaren noti take fita. Ƙa'ida ita ce noti ya ci zare aƙalla gwargwadon kaurin gujon: cikakken zagaye 8 a M12x1.5, zagaye 9 zuwa 10 a M14x1.5. In bai kai ba, sai an sauya gujon da dogaye. Ga motar daji wannan irin bai cancanci wahalar ba.

Na biyu shi ne mai kauri, daga milimita 25 zuwa sama, wanda ake ɗaure shi da nasa notoci a moyo, kuma yana da nasa gujon da janti zai hau. Shi ne ake nufi a sauran matakan.

Nemi wanda ramin bayansa ya rungumi leɓen moyo ɗam, ta gaba kuma yake da nasa leɓen da janti zai zauna a kai. Leɓen ne ke tsayar da taya a tsakiya. Wanda ba shi da leɓe ya bar wa notoci wannan aiki, kuma shi ne ke kawo rawar sitiyari wajen gudun 80 zuwa 100. Duba rubutun jikinsa: alminiyam 6061-T6 ko 7075, gujon mai lambar ƙarfi 10.9 ko 12.9 a kansa ta baya. Faifan da ba shi da rubutu ko ɗaya, mai jiki kurji-kurji alamar narkawa aka yi aka zuba, bar shi a kanti. Wanda mai injin tur ya sassaƙa daga ƙarfen da ba a san asalinsa ba shi ma haka.

Idan gaban motarka na da makullin moyo na hannu, wanda ake murɗawa kafin a sa kat-kat, ko fon baya, wato sandar da ke haɗa ƙafafun baya biyu, na da kan da ya fito waje kamar na 79, 80 da 105, tabbatar ramin faifan zai wuce ta kansu tun kafin ka biya. Yi sharaɗi da mai kanti cewa in bai zauna ba za ka mayar.

Batun kuɗi, biyu-biyu ake sayarwa, na fon ɗaya. A Turai biyu na sanannun kamfanoni irin H&R ko Eibach kan wuce Yuro 100, wato sama da jika 65 kafin kuɗin jigila da na duwan. Idan wani a Yamai ko Ƙonni ya ce zai ba ka huɗu ƙasa da rabin wannan, ka san inda aka rage. Cikin lissafinka ka sa maganin kulle zare, daidaita nauyin tayoyi, faralelizim, wato daidaita tsayuwar ƙafafun gaba, idan ka taɓa gaba, da rulma sabuwa in tsohuwar ta gaji.

4. Kayan aiki

Kirik mai ƙarfi da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, katako mai faɗi na ɗora kirik idan ƙasa rairayi ce, burushin waya, takardar yashi, tsumma da ɗan esansi, maganin kulle zare mai shuɗi irin Loctite 243, alƙalamin fenti, da kan kile siririn baki, don ramin notin ciki matsattse ne. Notocin Toyota na M12 kan 21 suke sha, na M14 kan 22, na cikin faifai sau da yawa 19.

Abin da ba a yi sai da shi shi ne kile mai ma'auni, wanda ke yin ƙaras in ɗauri ya kai. In garejinku babu, a aro ko a tafi inda akwai.

5. Ɗaga mota ka duba rulma

Sassauta notoci kaɗan tun taya na ƙasa. Sa dutse gaba da bayan tayoyin da ba a ɗaga ba, ɗaga, ka sauke nauyin a kan ƙafar ƙarfe. Kada a yi aiki mota na kan kirik kaɗai, kada kuma a tokare ta da bulon siminti, fashewa yake yi ba sallama.

Kafin ka cire tayar, kama ta sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Juya ta ka saurara. Motsi ko gurnani na nufin rulma ko rotil sun riga sun gaji. A gyara su tukuna, don faifai zai ƙarasa su cikin ɗan lokaci. Bayan cire taya duba gujon ɗaya bayan ɗaya. Wanda zarensa ya cinye, ko ya siranta a gindi saboda tsohon ɗaurin ganganci, a fitar da shi.

6. Tsaftace fuskar moyo

Wannan mataki ne aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi kwance notoci. Goge fuskar moyo da leɓensa da burushin waya har ƙarfe ya yi haske, ka share da tsumma mai esansi, ka bari ya bushe. Haka bayan janti. Jan ƙasar laterit da tsatsa da suka daskare a wurin suna sa faifai ya zauna a kansu. Kile zai yi ƙaras, kai kuma ka ɗauka ya ɗauru. Bayan ƴan kilomita a gargada dattin ya niƙe ya zube, noti ya saki.

Hattara: a kan wasu gujon, musamman a tambur ɗin baya, akwai ƴan siraran zobba da aka sa tun daga masana'anta don riƙe tambur. Janti na asali na da wurin da suke shigewa, faifai ba lallai ba. Cire su da filaya. Idan akwai ɗan sukurun riƙe diski da kansa ya fito sama da fuska, shi ma zai hana zama.

Idan ana aikin a fili lokacin hunturu, iska na ɗauke da ƙura, rufe moyo da tsumma har sai za ka ɗora faifan.

7. Gwada shi a bushe

Zura faifan da hannu, ba noti, ba magani. Ya kamata ya shige da ɗan matsi ya kwanta ba ya rawa. Haska tocila ta gefe. In haske na ratsawa tsakaninsa da moyo, akwai abin da ya tokare. Kada a buga shi da guduma, kada kuma a ja shi ciki da ƙarfin noti. Ɗora madaidaicin ƙarfe a fuskarsa ka ga ko bakin gujon ko kan noti ya leƙo.

Hattara: in gujon ya leƙo, masu gyara da yawa kan ɗauko injin yanka su datse shi. Kada ka yarda. Ranar da faifan ya lalace a daji ba za ka iya mayar da janti kai tsaye ba, don zaren da ya rage bai isa ba. Sauya faifai da mai kauri ya fi.

Kada a haɗa faifai biyu a ƙafa ɗaya, kuma hagu da dama na fon ɗaya dole kaurinsu ya zama ɗaya.

8. Ɗaure notocin ciki

Yi amfani da notocin da suka zo da faifan kaɗai, gajeru ne masu tsinin gindi da ya dace da ramukansa. Ɗiga maganin kulle zare ɗigo ɗaya ko biyu a kowane gujon. Ba a sa giris ko baƙin mai a zare. Mai na sa noti ya wuce ƙimar ɗauri alhali kile bai nuna ba, gujon ya miƙe. Ɗan shafin giris a leɓen moyo kaɗai ya halatta, don kada alminiyam ya manne da ƙarfe.

Ɗaura dukkansu da yatsu har su zauna. Wani ya taka birki ya riƙe, kai kuma ka ɗaure a gicciye, wannan sai na ƙetarensa, a hawa uku: kashi ɗaya bisa uku na ƙima, kashi biyu bisa uku, sannan cikakke. Zagaya sau ɗaya kuma don tabbatarwa.

Ƙimar da kamfanin faifan ya rubuta ita ce gaba. Don kwatance, Toyota ta sa Nm 105 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) ga Hilux, wajen 112 ga Prado, Land Cruiser mai gujon biyar kuma 131 ga jantin alminiyam da 209 ga na ƙarfe. Kada ka ɗauki 209 ɗin nan ka ɗora wa notin da ke zaune cikin alminiyam sai in takardar faifan ta faɗi haka.

Hattara da bindigar iska da hawan kile da ƙafa. Mutum mai kilo 70 da ya tsaya a ƙarshen kile mai tsawon rabin mita ya ba noti wajen Nm 340, ninki uku na abin da gujon ɗin Hilux ke bukata. Gujon ɗin da aka yi wa haka ba ya karyewa a gareji, sai an yi nisa. Idan an gama, ja layin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin faifan.

9. Mayar da taya

Ɗora janti a leɓen faifai, ka sa notocin motar na asali da hannu, ka ƙirga zagayensu kamar yadda aka faɗa a mataki na 3. Lura da irin noti: jantin alminiyam na Toyota na shan noti mai wasali da doguwar wuya, na ƙarfe kuma mai tsinin gindi. Ba a musanya su. Nan babu maganin kulle zare. Ɗaure a gicciye, sauke mota, ka kammala da kile mai ma'auni.

10. Gwajin guga

Taya da aka tura waje tana yin zagaye mai faɗi in an karya sitiyari, don haka gugar da ta bar ciki tana iya komawa bayan gardabu, robar tare taɓo, ko kusurwar farashok. A tsaye ba za ka gani ba. Hau da ƙafa ɗaya ta gaba kan tudu ko gefen kwalbati yadda amortisa zai matse, karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, gaba da ribas, wani na kallo daga waje. Gwada baya da kaya a kai. Yatsa biyu su shiga ko'ina tsakanin taya da jiki. Roba ana iya datsa ta. Idan ƙarfe ne tayar ke kaiwa, faifan ya yi kauri ko tayar ta yi girma.

A kan kwalta ka hau gudu sannu a hankali har 100. Rawar sitiyari na nufin faifan bai zauna tsakiya ba, ko datti ya rage a bayansa, ko tayar na son mai faci ya daidaita nauyinta. Za ka ji sitiyari ya ɗan ƙara nauyi, yana kuma fizgar hannu in taya ta bugi dutse. A hanyoyin Keita da Buza ka riƙe shi manyan yatsu a waje. Sanar da masu asiransinka cewa an yi wannan canji.

11. Sake duba ɗauri

Bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko, kamar daga Tawa zuwa Tabalak da dawowa, a cire tayoyin gaba ɗaya. Taɓa notocin waje kawai bai wadatar ba, don na cikin ne ke riƙe da komai kuma ba a ganinsu sai janti ya sauka. Dubi layin fenti. Sa kile a ƙimar farko. In ya yi ƙaras noti bai motsa ba, lafiya. In ya motsa, maganin zaren ya riga ya karye: cire notin, goge, ɗiga sabo, sake ɗaurewa, ka kuma nemi dalili a fuskar moyo. A bari birki ya huce kafin a auna, don alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi.

Daga nan a maimaita a kowane juyen mai, da bayan kowace doguwar tafiya a gargada ko ɓatattun wuraren hanyar Agadas. Duk lokacin a girgiza taya a ji rulma. Motar da ta ratsa ruwan kwari da damina a cire faifanta a wanke bayansa, laka na shiga ta zauna.

12. Idan ya ba da matsala a hanya

Alamun da ba a jira da su: ƙwas-ƙwas da ke bin juyin taya, rawar da ta taso farat ɗaya, baƙin gari ko zanen tsatsa da ke fitowa daga gindin noti, da moyo ɗaya da ya fi ɗan'uwansa zafi in ka kai bayan hannu kusa. Tsaya nan take ka cire tayar.

Idan gujon ɗin faifai ya karye, ko ramin noti ya zama ƙwai, ko ka ga tsaga a alminiyam, faifan ya gama aiki, walda ba ta gyara shi. Cire shi, cire na ɗaya gefen ma, ka mayar da jantuna kai tsaye a moyo da notocin asali, ka tafi a hankali kana kauce wa karya sitiyari har ƙarshe idan tayoyin manya ne. Saboda haka kan kile siririn bakin nan ya zauna cikin mota kullum, tare da gujon biyu ko uku na moyo da notocinsu. Kilen taya na mota ba ya shiga ramin notin ciki. Idan kuwa gujon ɗin moyo ne ya karye, maƙwabtansa sun ɗauki nauyin da ba nasu ba, in an isa gari a sauya na ƙafar duka.